Jan Ƙyallen da Na Ɗaura wa Yayana

A shekarar da aka ce za a yi tseren motoci ta ƙasarmu, ni aka tura in wakilci gidan likita a komiten tsaro da lafiya. Ba don an ga na fi kowa ba. Majo, babbanmu a wurin aiki, ba ya son zaman taro, ni kuma an san bakina ba ya mutuwa, sai ya ce in je in gajiyar da wasu, su ma su ɗanɗana abin da yake sha. Lokacin hanyar Abala ba ta ɓaci ba, mutum yana iya fita da safe ya kai Sanam ya dawo ba wanda ya tambaye shi ina za shi. Wasu manya ne na Yamai, su da abokansu Turawa, suka ga rairayinmu ya yi musu, suka ce motocinsu za su taso daga wajen Damana, su ratsa ta Filinge, su yi arewa. Sunan abin rali. Tsofaffinmu suna ce masa gudun banza, kuma har yau ban ga inda suka yi kuskure ba.

Sati uku muka yi muna zama a wani buro mai fanka ɗaya. Shugaban komite dattijo ne mai babbar riga, na ji ana cewa mutumin kirki ne a gidansa, amma a taro aikinsa biyu: gyangyaɗi, da farkawa ya ce "An amince." Sauran kuwa burodi da sardin ɗin da ake rabawa ƙarfe sha ɗaya ne ya kawo su. Da an ci an kora da lemu, sai kowa ya tuna yana da gaisuwar mutuwa a wata unguwa.

Mai magana shi ne gwanin da masu tseren suka aiko mana daga Yamai. Saurayi ne dogo, takalminsa mai tsini kullum yana sheƙi, tabarau a saman kai, ban taɓa ganinsa a kan ido ba. An ce ya yi karatun tsaron taruka a ƙasar waje. Na yarda, don a nan gida ba a koya wa mutum irin wannan wauta, sai ya yi tafiya ya nemo ta. Yana da wata ƴar fitila mai jan ɗigo da yake nuna taswira da ita a jikin bango, kuma duk inda ɗigon ya sauka sai ya kira wurin da lamba. Garin kakannina ya koma "puwan sha huɗu". Mu kuma, da limamanmu da ungozomominmu, sunanmu "popilasiyo". Popilasiyo za ta tsaya nan, popilasiyo ba za ta wuce can ba, sai ka ce awaki yake kafa wa turke.

Ya zo da littafin tsari mai kauri, bangonsa har da roba. A ciki akwai inda jirgi mai saukar ungulu zai sauka, alhali babu jirgin. Akwai abin da za a yi in ruwan sama ya sauko, mu da muka gama yankan hatsi har an kai dammuna rumbu. Akwai shafi guda a kan abin da za a yi in kunama ta harbi direba. Rabin yini muka kashe a kan kujerun rumfar manyan baƙi, farare za a kawo ko shuɗɗa. Mu kuwa layi biyu aka ba mu: mutanen ƙauye za su so kallo, don haka a ja musu zare ja da fari, a sa mai shela ya zaga ranar kasuwa. Da wannan lafiyarmu ta kammala.

Ranar da jan ɗigon ya tsaya a kan puwan sha huɗu, sai na gyara zama, don na san wurin kamar yunwar cikina. Mashigi muke ce masa. Hanya tana hawa wani tudu, sai ta gangara kai tsaye cikin tsohon kwarin ruwa da rairayi ya cike. Wanda ke tahowa ta bayan tudun ba ya ganin abin da ke ƙasa sai ya riga ya fara gangara. Rairayin kuwa laushi gare shi kamar garin tuwo. Kamiyon ƴan kasuwa, kat-kat, motar jeji ta masu aikin rijiya, har ambilans ɗinmu, babu wadda ba ta taɓa kafewa a nan ba.

To a ƙasarmu in mota ta kafe ba a kiran kowa. Da an ji kukan inji ya sake, an san taya tana juyawa a banza, sai kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Mai shara a gona ya yar da gatari, mai alwala ya bar buta, mata su taho da karan hatsi a ka. A tona, a shimfiɗa kara, a sa kafaɗa a tura. Ba a tambayar direba daga ina ya fito, kuma in ya miƙo wani abu faɗa ne. Gidan da mota ta kafe kusa da shi ba wanda ya leƙo, sai a shekara ana yi musu gori, ɗiyarsu ma sai ta ji shi a bakin rijiya. Ba wanda ya rubuta wannan a ko'ina, shi ya sa bai shiga littafin gwani ba.

Gonar da ke bakin Mashigi ta yayana ce. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babanmu, shi ya hana a cire ni daga lakwal, makarantar boko, lokacin da ƴan gida suka ce daka da ɗiban ruwa sun fi. Shi kansa ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. Tun yana saurayi shi ne sarkin fid da mota a wurin, ba tare da wani ya naɗa shi ba. Yana da shebur da guntayen kwanon rufi biyu da yake ajiyewa a gindin gawo. Yana gane mota da kukanta tun ba ta hau tudu ba, ya ce wannan za ta wuce, wannan ku tashi mu je. Direbobin Abala ba sa wucewa ba su danna masa ham ba. Ni na san ko da bindiga aka tsaya ba zai ga baƙo ya kafe a bakin gonarsa ya zauna ba.

Na ɗaga hannu, gwani ya yi kamar bai gani ba, sai na miƙe tsaye.

"Malam, tsakanin mota da mota minti nawa ne?"

"Biyu, madam."

"To a puwan ɗinka na sha huɗu mota za ta kafe. In ta kafe, garin nan kaf zai gangara turi, kuma minti biyu bai isa a tona taya ɗaya ba. Ta baya za ta faɗo daga tudu a kan mutane. Kai kallo kake tsoro. Mutanena ba kallo zai kashe su ba, taimako ne."

Ya yi mini irin murmushin da ake yi wa tsohuwa in ta kawo labarin mafarki. Ya ce, "Madam, ba mai hankalin da zai tunkari motar tsere. Ɗan Adam gudun haɗari yake, haka aka halicce shi. An yi nazarin wannan."

Na ce, "A ina aka yi? A Mashigi?"

Aka yi dariya, wasu da sardin a baki. Na ce to a karkatar da hanya ta gabas, akwai ƙasa mai ƙarfi. Ya ce ai don rairayin masu tseren suka zo, kuma nan ne hoto ya fi kyau. Na ce a sa mutum a kan tudu da tuta da rediyon hannu, in ta gaba ta kafe ya tsai da ta baya. Ya ce an gama rabon rediyo. Daga baya na ga huɗu a rumfar baƙi, ana tambayar juna da su ko ƙanƙara ta iso. Na ce ko ambilans a matso da ita kusa. Ya ce ambilans tana bakin rumfa, in hawan jinin wani babba ya tashi fa?

Na zage su, ba zan ɓoye ba. Na ce tun da nake ban taɓa ganin tarin gemu da ba ya ɗauke da komai irin na ɗakin nan ba. Hayaniyata ta ta da shugaba, ya buɗe ido ya ce, "An amince." Gwani, don ya rabu da ni, ya sa hannu cikin kwali ya ciro jan ƙyalle, irin wanda masu tsaron hanya za su ɗaura a dantse, mai kauri, da igiyoyi biyu dogaye. Ya cillo shi kan tebur. "Tunda garinku ne, madam, ki ba wanda kika yarda da shi ya tsare miki popilasiyo." Bai tambayi sunan kowa ba, ni ma fushi bai bar ni na ce a rubuta ba. Na ɗauka na fita.

Washegari bayan la'asar na tafi gida. Na tarar da Yaya a gindin gawo yana gyaran ƙotar shebur. Mai shela ya riga ya wuce, kuma abin da mutane suka ji a shelarsa shi ne motoci da yawa za su ratsa Mashigi. Mata har sun fara tara kara.

"Auta, lahiya? Kin zo da huska kamar an ci miki tuwo."

Na zauna na yi masa bayani da sanda a ƙasa: ga tudu, ga mota ta kafe, ga mutane, ga ta baya. Ya saurara har na gama.

"Wato baƙo shi kahe bakin gonata, ni in tsaya ina kallo nai?"

"Haka ni ke nufi, Yaya."

"Ke, lakwal ɗin nan da na kai ki, abin da aka koya miki ke nan?"

Na ce ba irin motocin da ya sani ba ne, waɗannan ba su da birki a zuciya. Ya ce mota mota ce, duka taya huɗu. Na roƙe shi don darajar babanmu, ya ce babanmu da kansa ya fid da motar kwamandan, Baturen mulki, a nan wurin, yana da zazzaɓi. Da na ga roƙo ba zai yi ba, sai na bi ta inda na san yana da rauni. Na ciro jan ƙyallen, na kama hannunsa na ɗaura masa a dantse, na ja igiyoyin da kyau. Na ce komite ne ya aiko ni, an duba garin nan duka ba a ga wanda ake jin maganarsa kamarsa ba. Na ce ranar shi ne jandarma, shi ne hakimi, ran kowa yana hannunsa, kuma aikinsa ɗaya ne: kada ya bar mutum ya gangara.

Ya daɗe yana duban ƙyallen, yana juya hannu. Na ga abin ya shige shi, kuma na ji kunyar kaina, amma na daure.

"Gwamnati ta ce ni?"

"Kai ta ce."

"To. Ba ɗan da za shi ƙetare. Na ɗaukar miki."

Na ji sanyi a raina. Kafin in tafi na sa matarsa ta ɓoye shebur da kwanon a cikin rumbu. Na koma Filinge ina ganin na fi gwani wayo, ni ma ina da nawa tsarin.

Ranar tsere an sa ni bakin ambilans da farar riga, kamar kayan ado. An wanke motar har da taya. Aka yi jawabi, aka yi wani, mai fassara yana ta tuntuɓe, manya suna fifita da littafin tsari. Da na ga an kusa sakin mota ta farko daga wajen Damana, na ce wa abokin aikina ya riƙe wurin, na tare kabu-kabu na ce Mashigi, ta hanyar gonaki. Akwatin magani yana cikin ambilans a kulle, don tsari ya ce kada a raba su. Da jakar hannuna kawai na tafi.

Garinmu duka yana can, har da na ƙauyukan kusa. Zaren ja da fari da aka ja iska ta tsinke shi tun da safe, awaki suna taunar saura. Amma Yaya ya ja layi da ƙafa a cikin rairayi, nesa da hanya, yana kai da kawowa a gabansa da sandar makiyaya, jan ƙyalle a kan farar rigar Juma'arsa. Wallahi ba wanda ya taka layin. Da ya gan ni ya ɗaga mini sanda, bai ko yi murmushi ba, shi mai aiki.

Ta farko ta faɗo daga tudu kamar an jefo ta, ta watsa rairayi ta wuce. Mata suka yi guɗa. Ta biyu ma haka, ta uku ta yi tangal-tangal ta fita da ƙyar. Ta huɗu, wata shuɗiya, tun tana kan tudu na ji Yaya ya ce, "Wagga ba ta hita." Ta shiga tsakiya ta zauna har ciki. Direban ya taka, ya sake takawa, taya tana haƙa wa kanta rami. Sai shi da abokinsa, Turawa biyu, suka fito da hulunan kwano a ka, suka durƙusa suna tonon rairayi da hannu. Ɗayan ya juyo ya ga taron mutane tsaye, ya ɗaga hannu biyu yana kiranmu.

Kai, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Taron ya yi wani gurnani ya matsa gaba ɗaya. Yaya ya buɗe hannu da sanda a gicciye yana tsawa. Ya maƙe ɗansa na fari a ƙwauri, mutum mai mata da ƴaƴa. Ya ture wata gwaggonmu da damin kara a kanta har ta zauna. Liman ya ce, "Haba, baƙo na kira!" Yaya ya ce, "Malam, ko kai ka ƙetare sai na buge ka." Aka ja da baya. Suna zaginsa, wasu matan suna kuka don kunya, amma aka tsaya. Na ce Alhamdulillahi a fili.

Sai na ga ya miƙa wa liman sandar. Ya ce, "Riƙe min su." Ya sunkuya ya rungumi damin karan da gwaggo ta yar, ya juya ya gangara da gudu, shi kaɗai.

Na yi ihu har muryata ta tsage. Ya ji ni, don ya ɗan waiwayo. Ya isa bayan motar ya durƙusa yana cusa kara ƙarƙashin taya, yana nuna wa direban da hannu ya shiga ya ja a hankali. A lokacin na ji kukan ta biyar a bayan tudu. Shi ma ya ji, shi da ke gane mota tun daga nesa, ya miƙe zai kauce, rairayi ya riƙe masa ƙafa. Turawan biyu suka yi tsalle gefe. Motar ta faɗo, ta ja birki, ta zo a karkace ta haɗa shi da bayan shuɗiyar.

Ban san yadda na isa ba. Samari sun riga ni, suka ɗaga suka jawo shi. Ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta da siffar ƙafa, jini yana tsartuwa yana bin bugun zuciya. Aikina ne, na san saura ƴan mintoci. Ina da kallabi a kaina, ina da gyale, amma duka masu santsi ne, kuma hannuna ya kai ga abin da ya fi kusa ya fi ƙarfi. Na kwance jan ƙyallen daga dantsensa na ɗaure cinyar da shi, na sa guntun sanda na murɗa har jinin ya tsaya. Yana kallona, leɓensa ya yi fari. Ya ce, "Ba wanda ya ƙetare dai ko?" Na ce babu. Ya ce, "To," ya rufe ido.

Liman ne ya yi abin da komite ya ƙi. Ya hau tudu da rawaninsa a hannu yana kaɗawa, ya tsai da sauran motocin. Wani ya bi shi da wayar salula, don a kwarin ba rezo, waya ba ta kamawa, ya kira rumfa. Aka ce tsari ya hana kowace mota hawa hanyar tsere sai an ba da izini, kuma ana neman mai ba da izinin. Muna cikin ɗora Yaya a amalanken shanu sai ga gwani a kat-kat. Ya fara zaga motocin biyu, ya tambayi Turawan lafiyarsu, sannan ya iso kanmu da ɗan littafinsa.

"Wane ne wannan? Me ya kai shi kan hanya?"

"Mai tsaron hanyarka ne."

Ya dubi dantsen Yaya, ba komai. "Ina ƙyallensa?"

"Ga shi a ƙafarsa."

Bai duba ba. Ko ya duba ma, ƙyallen ya riga ya koma baƙi. Ya rubuta wani abu, ya ce kujerun motarsa ba sa kwantuwa. Da amalanke muka kai shi bakin babbar hanya, a nan ambilans ta same mu. Daga Filinge aka wuce da shi Yamai, aka yanke ƙafar a saman gwiwa. Likitan da ya yi aikin ya ce ɗaurin ne ya tsai da ransa. Ƙyallen kuwa an zubar da shi tare da auduga da sauran ƙazanta, ni ma a ranar bai zo mini a rai in nema ba.

Bayan wata guda aka kira taron ƙarshe don karanta rahoto. An ƙara kaji a kan sardin. Gwani ya karanta da Faransanci mai daɗi cewa tsari ya yi aiki yadda aka zana shi. A puwan sha huɗu, in ji shi, zare da shela sun hana popilasiyo shiga hanya, in ban da wani ɗan kallo marar ɗa'a da ya karya doka, ya jawo wa kansa rauni, ya kuma jawo lalacewar motoci biyu. Aka tafa.

Na miƙe na faɗi abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Na ce mutum ɗaya ne ya tsare garin nan da sanda, kuma in ba don shi ba da yanzu makabartarmu ba ta da sauran wuri. Gwani ya buɗe littafinsa ya ce sunan mutumin yana cikin jerin masu tsaro? Babu. Ina ƙyallen? Babu. Ya buɗe hannu yana duban jama'a, wai shi mai haƙuri da mace. Mutanen da suka ga ya cillo mini ƙyallen da idonsu, kowa ya sunkuya yana neman ƙashi a cikin naman kaza. Tir da su, ɗaya bayan ɗaya, har wanda muke gaisawa da shi yau a bakin kasuwa. Shugaba ya ce, "An amince." Na ƙi sa hannu, sai aka rubuta a gaban sunana cewa ban halarta ba. Amma an ba ni kofin rahoton guda ɗaya, da bangon roba.

Ban yi niyyar Yaya ya gani ba. Labari ne ya riga ni gida, cewa an yi takarda a kan tseren kuma har Mashigi yana ciki. Na same shi a zaure a kan tabarma, sandunan ƙarfe jingine da bango, ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Auta, an ce akwai ni cikin takarda."

Na ce akwai.

"Kawo in gani."

Na ciro na ba shi. Ya shafa robar, ya ce in nuna masa wurin. Na buɗe na sa yatsa a kan layin. Ya daɗe yana duban baƙaƙen kamar zai gane kansa a ciki.

"Mi suka ce?"

Na dubi wandonsa da aka naɗe aka soke da allura. Na ce, "Sun ce a Mashigi mutum ɗaya ya tsare gari duka, ba wanda ya ƙetare. Sun ce gwamnati ta gode."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To ai sun san aiki." Ya ce in bar masa takardar.

Tana nan har yau, cikin leda, a ƙarƙashin matashinsa. Yanzu da safe jikokinsa suna kai shi gindin gawo a amalanke, in mota ta kafe yana ba da umarni daga zaune, ku tona nan, ku sa kara can. Duk baƙon da ya zo gaishe shi sai ya sa an ɗauko ledar. Ya san shafin, ya naɗe kusurwarsa, ya san layin, yatsarsa har ta yi masa duhu. Yawancin masu zuwa ba su iya karatu ba, sai su ce madalla su mayar.

A sallar da ta wuce wani sabon malamin lakwal da aka kawo garinmu ya zo gaisuwa ina nan. Yaya ya miƙa masa, ya sa yatsa, ya ce, "Kai da ka yi boko, karanta ka ji abin da gwamnati ta ce a kaina." Malamin ya karanta a zuci. Na ga idonsa ya kai ƙarshen layin, ya koma farko, sannan ya ɗago ya dube ni. Na dube shi ban ƙifta ba. Ya rufe takardar da hannu biyu, ya ce, "Gaskiya ne, Baba, sun yaba maka ƙwarai."

Yaya ya juyo wajena yana dariya. "Kin ji ko, auta? Ke da kullum kina zagin mutanen nan."